Inda Shunayya Ta Tsaya

Litinin, bayan la'asar

Yau da safe aka rataye sabuwar taswirar gari a barandar ofishinmu. Kafin azahar wani ya ɗauke ta a waya. Kafin in sauko daga motar haya, titinmu kaf ya gani.

Tela tana bakin shagonta tana farke wani ɗinki. Shekara ashirin da shida ƙofarta na kallon tamu, tare muka yi goyo, tare muka yaye. Na yi mata sallama. Ba ta ɗago ba, zaren hannunta ta amsa wa: "Wa alaikumus salam, Malama Mai Launi." Ban taɓa jin wannan suna ba sai yau.

Bari in rubuta abin da ke jikin takardar, don kada gobe zuciya ta ƙara ko ta rage. Tsakiyar gari ja ne, kasuwa da ofisoshi. Zoben da ya kewaye shi shunayya ne: sito, gareji, ƙananan masana'antu, kuma nan da shekara biyar ba mai kwana a cikinsa. Zobe na uku rawaya ne, gidajen zama. Shunayya ta taso ta haɗiye layin su Tela, ta tsaya cak a titinmu. Layinmu rawaya ne.

Ni na shafa launin. Aikina ke nan shekara goma sha tara, a miƙo mini zane in cika shi da fenti. Ba ni ke jan layi ba.

Talata, ƙarfe ɗaya, a ofis

Mai jan layi shi ne sabon shugaban sashenmu. A bayan idonsa Mai Zobe muke ce masa. Watansa bakwai a garin nan, har yau direba ke nuna masa hanyar gidansa, amma ya san inda kowa ya kamata ya kwana.

Ɗazu ya tsaya a kaina yana murmushi. "Mama, kin ga yadda mutane ke taruwa a baranda? Hannunki akwai kyau."

Mama. Da ƙyar na girme shi da shekara takwas.

Ranar da ya fara zanen ina nan zaune. Ya kafa allurar kamfas a kan tsohuwar kasuwa, ya juya sau huɗu, ya ce gari ke nan. Wai gari kamar tafki ne da aka jefa wa dutse. Tsakiya ta cika ta ture na kusa da ita, na kusa ya ture na gaba, mai hali ya gudu can baki inda iska take, talaka ya maƙale inda ƙafarsa za ta kai shi wurin aiki. "Haka yake a ko'ina, Mama, an yi bincike."

Tsohon Oga, wanda ya koya mini aiki kafin ya yi ritaya, shi cewa yake gari tafin hannu ne, yatsu na bin manyan hanyoyi da layin dogo, kowane yatsa da irin mutanensa. Su biyun dai a takarda suka fi ganin gari. Ni da ke shiga mota biyu kullum na san garin nan cibiya huɗu gare shi: kasuwa, tasha, babban asibiti, da mahaɗar da ake sauke kayan gini. Kowace da mutanen da ke kwana su tashi saboda ita. Rabin titinmu rabonsu da tsohuwar kasuwa tun bara.

Ban faɗa masa ba. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Kansa ma kamar da kamfas ɗin aka zana shi. Astagfirullah.

Laraba, da asuba

An watsa ruwan wanki a ƙofarmu. Na share.

Alhamis, bayan magariba

Inna ta ji. Ƙafa ce ta hana ta fita, kunne kuwa har ƙarshen titi yake zuwa.

Ina shafa mata magani a gwiwa ta ce, "Ke, da babanku ya kafa tubalin gidan nan, bayanmu gonaki ne har inda ido ya tsaya. Mutane na cewa ya kai ni daji. Ni ban taɓa shiga gari ba, gari ne ya shigo mini. Yanzu kuma an ce mun tsare masa hanya?"

Na ce ba mu ba.

"Mu an bar mu?"

"An bar mu, Inna."

"Su fa?"

Na ci gaba da shafa magani. Ta ce alhamdu lillahi. Can kuma ta ce Allah sarki. Sai ta ce in sassauta, ba ƙullu nake murzawa ba.

A ɗakin nan ta haife mu mu biyar, a ɗakin nan aka fitar da Baba. Ta sha faɗa mini cewa daga nan sai makwanci.

Juma'a, da yamma

Zagin Tela ya fi mini sauƙi a kan godiyar Mai Kanti.

Gidansa na jikin namu. Na je sayen ashana, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya rage murya. "Hajiya, mun gode. Mun san aikinki ne. Wanda ke da ɗan'uwa a gindin magarya ai ba ya cin ɗanya."

Na ce ban gane ba.

"To, to, ba ki gane ba." Har da kashe ido, tsoho da furfura.

Bayan na shigo sai ga katan ɗin sabulu. Na ɗauka da kaina na mayar, na dire masa a kan teburi. Wa ya ce masa ni irin waɗannan ce? Shekara goma sha tara ko fensirin ofis ban taɓa zuwa da shi gida ba.

Ba ni ke jan layi ba.

Asabar, bayan asuba

Karatun Alƙur'anina na safe ya kawo ni inda ake maganar masu tauye awo. Idona na ciwo. Na ɗaga shafin, na ci gaba daga gaba. Zan dawo masa.

Litinin, ƙarfe biyu

Doka ta ba da kwana ashirin da ɗaya daga ranar da aka rataye taswira a kawo koke. Waɗanda shunayya ta rufe kaɗai ke da ikon sa hannu, kuma sai gida ɗari sun sa daga unguwa ɗaya kafin kwamiti ya sake zama. In ba su cika ba, taswira ta zauna.

Tela ce ke yawo da takardar gida gida. Ita da ko lambar wayarta sai ta duba bango.

Talata, bayan la'asar

Ta tare ni a tsakiyar titi, a gaban mutane.

"Malama Mai Launi, tsaya in tambaye ki ilimi, mu jahilai ne. Daga ƙofata zuwa ƙofarki taku nawa ne?"

Na ce Tela, mu shiga ciki.

"Taku goma sha ɗaya. Na ƙirga. To a cikin taku goma sha ɗayan nan, a ina ne mutum ke daina zama mutum ya koma sito?"

Aka yi dariya. Har da matar mai gyaran fanka, wadda ni na kwana uku a asibiti da ita.

Na ce zane aka ba ni.

"Zane aka ba ki. Ni ma yadi ake ba ni, amma almakashi a hannuna yake. Ikon Allah, ruwa ya ci gari ya zo dokin ƙofar mai fenti ya yi sallama ya koma!"

Na ce Allah ya ba da haƙuri, na wuce. Ina da abin faɗa. Ina iya tuna mata wanda ya karanta mata takardar filin nan da take kuka a kai, da wanda ya rufa mata asiri shekarar da keken ɗinkinta ya bar shagon wata huɗu. Ban faɗa ba. A nan nake faɗa, don takarda ba ta da baki. Bakinta kamar tsohon almakashi, ba ya yanka sai tauna.

Astagfirullah. Astagfirullah.

Sun samu tamanin da takwas. An ce ko da an tono matattu, gidajen da ke cikin shunayya a unguwarmu ba su kai ɗari ba.

Laraba, da rana

Rulata ta ƙarfe tana cikin aljihun tebur. Yau sau uku na buɗe na rufe.

Alhamis, bayan magariba

Akwai abin da mutanen waje ba su sani ba game da aikinmu. Kamfas da'ira yake zanawa, gari kuwa ba da'ira ba ne. Layin yakan bi ta kan gidaje, ya raba ɗaki biyu, ya ratsa banɗakin wani. Ba a shafa wa rabin gida launi. Don haka Tsohon Oga ya kafa mana ƙa'ida, tana nan a rubuce a littafin sashe: in layi ya faɗa kan jerin gidaje, a kai launi zuwa titin da ya fi kusa da layin. Kullum sai ya ƙara da cewa, "A auna, 'yata. Ido ɗan'uwan zuciya ne, rula ba ta da dangi."

A taswirar nan milimita ɗaya mita goma ce a ƙasa. Kaurin gashin buroshina ya fi faɗin ɗakin Inna.

Jeri arba'in da biyu zobe na biyu ya ratsa. Na duba takardar aikina ɗazu. Awo arba'in da ɗaya na rubuta, kowanne da lambarsa, da kyakkyawan rubutu.

Ranar da na zo kan jerinmu zafi ake yi. Kuma tabarauna ya yi gumi. Kuma an kira salla.

Juma'a, da asuba

Na sake ɗaga shafin.

Asabar, da hantsi

Ƙanena ya bugo daga gidansa na can bakin gari, zobe na huɗu, inda Mai Zobe ya ce a shafa kore. Wai ya ji ana hayaniya, in kwantar da hankalina, ai mu mun tsira. "Yaya, in gemun maƙwabci ya kama wuta, naki kika shafa wa ruwa, ai ba laifi ba ne."

Na ce ban shafa wa komai ruwa ba.

Ya yi dariya irin ta Mai Kanti. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma bai san ni ba. Ko kuwa ya san ni.

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na riga kowa zuwa. Na fito da asalin zanen daga durowa, na shimfiɗa, na goge tabarau da gefen mayafi. Na yi bisimilla.

Layin yana kan jerinmu, wannan na daɗe da sani. Daga shi zuwa titinmu milimita biyu. Daga shi zuwa titin bayanmu, na bakin kwata, milimita ɗaya.

Na auna sau uku. Na juya rular na auna da ɗaya gefen.

Gida goma sha biyar ne a jerinmu. Namu ne na shida.

Litinin, bayan azahar

Ban ci komai ba. Ban yi magana da kowa ba. Masu share baranda ma haushinsu nake ji, suna ta goge gilashin taswirar kamar wani abin arziki.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na shiga wurin Mai Zobe da zanen da rula. Na faɗa masa a tsaye, da ƙaramar murya, ban yi kwana ba: ban auna jeri ɗaya ba, gidanmu na ciki, launin ya tsaya inda bai kamata ba.

Na zaci zai yi faɗa. Na shirya wa faɗa, har na so shi.

Ko zanen bai kalla ba. "Haba Mama, milimita ɗaya? Wa zai sani? Ki bar shi, rawaya ta yi kyau a wurin."

Na ce akwai ƙa'ida.

"Ƙa'idar tsofaffi. Ki ɗauka kyauta ce daga ofis." Ya jawo wata takarda ya duba. "Jerin naku gida nawa ne ma? Goma sha biyar ko? A'a, ki bar shi yadda yake. Saura kwana shida."

Ban taɓa faɗa masa yawan gidajen jerinmu ba.

Na fito na zauna. Tamanin da takwas da goma sha biyar, ko ɗan aji biyu ya san abin da suka tashi. Ashe ya gani tun tuni. Ashe mutumin da bai san hanyar gidansa ba ya san ƙofofin titinmu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina nan ina fama da shafin da na kasa karantawa, shi kuwa ya ɗauki abin kunyata ya tokare ƙofa da shi.

Ban taɓa ƙin ɗan Adam kamar yau ba. Wannan karon ban yi istigfari ba. Sai anjima.

Laraba, bayan magariba

Na faɗa wa Inna. Shekara talatin ta yi tana sayar da yadi, na zaci ita za ta gane.

Ta ce, "Da kika ƙi aunawa, wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Da kika koma kika auna, wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Inna."

"To ke kam kin iya aiken kanki." Ta gyara ƙafarta da hannu biyu. "In kin gyara, su Tela sun fita?"

Na ce a'a, mu ne za mu shiga.

"Oho. Rijiya ta ci mutum, sai ki faɗa ki taya shi zama." Ta juya fuska bango. Na ɗauko magani, ta ce in bar mata gwiwarta, ita ce kaɗai abin da ya rage ba a shafa wa launi ba.

Ba ta ce in gyara ba. Ba ta ce kada in gyara ba. Na zauna a bakin ƙofa har aka kira isha'i, ko za ta ce wani abu in rataya a wuyanta. Ta san abin da nake jira, shi ya sa ta yi shiru.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

A kusurwar kowace taswira akwai akwatin gyara. Kuskuren layi na mai layi ne, kuskuren launi na mai launi, ba na neman izinin kowa.

Na sa aka buɗe gilashin. A tsaye na yi, a baranda, mutane na wucewa. Shunayya a kan rawaya ba ta hawa da kyau, sai an yi mata shafi biyu. Na fara daga gidan mai gyaran fanka. Da na zo na shida ban tsaya ba, kada wani ya ce na tsaya. Na bakwai na Mai Kanti ne, kuma Allah ya gani, a nan hannuna bai yi nauyi ba.

Na rubuta a akwatin: an kai launi titi mafi kusa, bisa awo. Kwanan wata. Sa hannu.

Minti goma sha biyu. Gidan da Baba ya yi shekara tara yana ginawa.

Ba don Tela na yi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Alhamis, ƙarfe uku

Takardar tuhuma daga Mai Zobe, in ba da amsa cikin kwana biyu. Daga Litinin kuma ɗakin fayil zan koma. Yau bai ce Mama ba, da lambar aikina ya kira ni. Ta fi daɗin ji.

Juma'a, da yamma

Ruwan wanki a ƙofa, yau daga ɓangarenmu aka watso.

Mai Kanti ya ce ba shi da ashana. Tana nan jere a bayansa. Ya ce wa wani mai saye, da ƙarfi don in ji, "Wasu tsoron Allahnsu ma sai ya rushe gidan maƙwabci." Ƙanena ya bugo sau biyar, na ɗauka a na shida. Wai ɗakin baƙinsa na nan, Inna ta zo, ni kuwa in nemi inda masu gaskiya ke kwana.

Titinmu bai taɓa haɗa kai irin na yau ba. A kaina.

Asabar

Inna ta ci abinci. Da ni dai ba ta magana, da buta take yi.

Lahadi, bayan la'asar

Tela ta shigo ba ta jira an amsa sallama ba. Takardar koke a hannu ɗaya, ɗan akwatin tawada a ɗaya. Ta durƙusa ta gaida Inna sosai, ta tambayi ƙafa. Ni ta kalle ni kamar tabo a yadi.

"Gidan nan sunan wa yake?"

Na ce na Inna.

"To ba da ke nake ba."

Inna ta ce, "Nawa kuka kai?"

"Casa'in da tara, Inna. Mai Kanti ya sa, yana zagi yana sawa. Biyu sun yi tafiya, ɗaya ya ce sai ya yi shawara da matarsa, ita kuma ta ce sai ta yi shawara da shi."

Inna ta miƙa babban yatsa. Tela ta kama shi a hankali, ta danna a tawada, ta danna a takarda. Inna ta ɗaga yatsan tana dubawa a haske.

"Wannan wane launi ne?"

Tawadar shunayya ce.

"Ke nake tambaya, Malama Mai Launi," in ji Inna. Maganarta ta farko gare ni tun Laraba.

A bakin ƙofa Tela ta tsaya tana hura takardar. Ba ta juyo ba. "Kada ki zaci wani abu ya wuce."

Na ce ban zata ba.

"Ranar zaman kwamiti ana so wani ya yi musu bayanin zoben nan, a ina ya karkace. Mu ba mu iya ba. An ce ke kina da wata magana ta cibiya huɗu."

Na ce wa ya faɗa mata.

"Ke kika faɗa mini, shekara uku da suka wuce, ina ɗinka miki labule. Kin cika ni da surutu har na karya allura." Ta gyara mayafi. "Ki zo da rular taki. Kuma ki ɗaga murya, ba wanda ke jin abin da kike cewa."

Ta tsallaka titi. Na ƙirga, ban yi niyya ba. Goma sha ɗaya ne.

Litinin, da asuba

Yau za a kai takardar. Kwamiti na iya zama ya ce zoben na nan daram, mu kwashe mu duka, da mu da su. Inna ta wanke yatsanta da sabulu sau biyu bai fita ba, ta ce in zo in ga aikina. Na nuna mata ƙarƙashin farcena, tun Alhamis. Ta ja tsaki, ta miƙo gwiwa.

Na koma shafin da na ɗaga. Gajere ne ashe. Na karanta shi har ƙarshe.